Yadda ake adana kalmomin sirri da manhajar pass

Yawancin asusun da ake ƙwacewa a intanet ba wata gwaninta ake nunawa kafin a shige su ba. Mutum ne zai yi amfani da kalmar sirri guda a imel ɗinsa da Facebook da shafin makarantarsa da wani kantin intanet da ya taɓa yin rajista a ciki ya manta, sai a fasa rumbun kantin a kwashe kalmomin, a sa na'ura ta riƙa gwada su a sauran wurare har ta dace. A 2009 an kwashe kalmomin sirri kimanin miliyan 32 daga kamfanin RockYou, wanda ya ajiye su a fili ba tare da ya ɓoye su ba, kuma har yau jerin nan yana cikin kayan aikin masu fasa asusu. An fasa LinkedIn a 2012, sai a 2016 ta bayyana cewa asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100. Maganin sananne ne: kowane asusu ya samu tasa kalmar, doguwa, wadda ba mutum ne ya ƙirƙiro ta da kansa ba. Tun da babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe irin waɗannan kalmomi guda hamsin ko ɗari, dole a nemi ma'adana.

Ma'adanar da za a yi bayani a nan sunanta pass. Jason Donenfeld ne ya rubuta ta ya fitar a 2012, shi ne kuma ya ƙirƙiro manhajar VPN mai suna WireGuard daga baya. Ba ta da taga mai maɓallai da hotuna, a tagar umarni (terminal), inda ake rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi, ake aiki da ita, kuma gaba ɗayanta rubutu ne guda na bash, wato harshen wannan tagar, wanda mai ɗan sani zai iya buɗewa ya karanta a zama ɗaya. Kowace kalmar sirri tana zama fayil mai zaman kansa a cikin folda mai suna `.password-store` da ke gidan mai amfani, manhajar ɓoye bayanai mai suna GnuPG ce ke kulle fayil ɗin, wata manhaja kuma mai suna git tana riƙe tarihin sauye-sauye idan an so. Babu rajista, babu kuɗin wata, babu kamfanin da ke riƙe da komai, kuma tana aiki ko da babu intanet, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda datarsa kan ƙare a tsakiyar aiki. Sai dai wannan sauƙin yana tafe da nauyi guda wanda ya kamata a fahimta tun kafin a taɓa kwamfuta: dukan ma'adanar a kan mabuɗin GnuPG ɗaya ta rataya, kuma idan ya ɓata babu ofishin da za a kai kuka. Shi ya sa kaso mafi tsoka na bayanin nan zai tafi ne a kan mabuɗin, domin umarnonin pass kansu ba su da wuyar koyo.

Girkawa ba ta ɗaukar lokaci. A Debian da Ubuntu da danginsu ana rubuta:

`sudo apt install pass`

A Fedora `sudo dnf install pass` ne, a Arch `sudo pacman -S pass`, a Mac kuma `brew install pass` ga mai Homebrew. Umarnin zai jawo GnuPG da sauran abubuwan da ake bukata. Mai Windows yana iya bi ta WSL, hanyar gudanar da Linux a cikin Windows, amma idan mutum ba ya sha'awar tagar umarni ko kaɗan, gaskiya gara ya ɗauki KeePassXC, ma'adana mai taga da maɓallai, wadda ita ma kyauta ce kuma a kwamfutarsa take ajiye komai, da ya tilasta wa kansa abin da zai watsar bayan mako biyu.

Ƙera mabuɗi

GnuPG, wadda Werner Koch ya fara a Jamus a 1997, tana aiki da mabuɗai biyu masu tafiya tare, na fili da na sirri. Na fili tamkar ƙwado yake: kowa na iya danna shi ya kulle ƙofa ba tare da riƙe ɗan mabuɗi ba, amma buɗewa sai mai na sirrin. Wannan ne dalilin da ya sa pass ba ta tambayar komai lokacin da ake saka sabuwar kalma, sai lokacin da ake son karantawa. Mabuɗin sirrin kuma fayil ne a cikin folda `.gnupg`, kuma shi ma a kulle yake da wata doguwar jimlar sirri, wadda ita kaɗai ce za ka haddace daga yau.

`gpg --full-generate-key`

Tambayar farko a kan nau'in mabuɗi ce. Sababbin fitowar GnuPG, daga 2.3 zuwa sama, suna ba da ECC mai Curve 25519 a matsayin zaɓin asali, tsofaffi kamar 2.2 da ke cikin Debian 12 kuma suna ba da RSA mai bit 3072. Duka biyun sun isa, saboda haka ka karɓi wanda aka ba ka. Abin kiyayewa shi ne zaɓuɓɓukan da aka rubuta cewa na sa hannu ne kawai, domin irin wannan mabuɗi ba ya kulle fayil, kuma pass ba za ta yi aiki da shi ba. Tambaya ta gaba ita ce wa'adi. Masana tsaro sukan so a sa shekara ɗaya ko biyu a riƙa sabuntawa, wanda ke da ma'ana ga mabuɗin da aka rarraba wa jama'a. Ga mabuɗin da aikinsa kawai kulle ma'adanarka ne, sifili, wato babu wa'adi, ba laifi ba ne, kuma yana kawar da wata matsala da za a ambata a gaba. Daga nan sai suna da imel. Ba a aika su ko'ina, lakabi ne kawai na gane mabuɗin, amma ka sa abin da za ka tuna.

Sai wata ƙaramar taga ta buɗe tana neman jimlar sirri, kuma nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Idan aka sace kwamfutar, ɓarawo yana da fayilolin ma'adana da fayil ɗin mabuɗi duka, kuma babu abin da ya rage tsakaninsa da asusunka sai wannan jimla, wadda zai iya sa na'ura ta yi ta gwadawa dare da rana ba tare da an dakatar da shi ba. Saboda haka sunan ɗa da shekarar haihuwa ba su isa ba, lambar waya ba ta isa ba, haka ma karin magana ko baitin waƙa ko wata aya, domin duk jimlar da aka taɓa rubutawa a littafi ko a intanet tana iya shiga jerin gwaji. Hanyar da ta tabbata ita ce wadda Arnold Reinhold ya tsara a 1995 mai suna Diceware: jerin kalmomi 7,776, ana jefa ɗan ludo sau biyar a samu lamba, a duba kalmar da ta dace da lambar, a maimaita har a samu kalmomi shida. Ƙarfin jimlar ya fito ne daga yadda sa'a ta zaɓi kalmomin ba son rai ba, kuma kalmomi shida daga wannan jeri suna ba da bit 77 da ɗoriya (kowane bit yana ninka yawan gwajin da ake bukata sau biyu), wanda ya fi ƙarfin gwaji. Wanda ya fi son kalmomin Hausa domin sauƙin haddacewa yana iya tara jerinsa a fayil, kalma ɗaya a kowane layi ba tare da maimaici ba, ya bar kwamfuta ta zaɓa:

`shuf -n 7 --random-source=/dev/urandom kalmomi.txt`

Idan jerin ya kai kalmomi 2,048, kowace kalma tana ba da bit 11, bakwai kuma su ba da kimanin 77. Idan jerin kalmomi ɗari biyu ne kacal, lissafin ya rushe. Kada kuma a yi ta maimaita umarnin har sai an samu jeri mai daɗin faɗi, domin yin haka komawa ne ga son rai. Shawara ɗaya ga mai rubutu da Hausa: ka bar ƙ da ɗ da ɓ a wajen jimlar, ka rubuta k da d da b. Ranar da za ka zauna gaban wata kwamfuta da ba a saita mata haruffa masu lanƙwasa ba, ko wata ƙaramar taga da ba ta karɓar su daidai, za ka san jimlarka sarai amma ka kasa shigar da ita. Ka rubuta jimlar a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili da shaidar karatu, har bayan ka haddace ta, saboda mantuwa da rashin lafiya ba sa sallama.

Bayan an gama, wannan umarni zai nuna abin da aka ƙera:

`gpg --list-secret-keys --keyid-format long`

Za ka ga layi mai farawa da `sec`, ƙarƙashinsa jerin haruffa da lambobi 40 wanda shi ne zanen yatsan mabuɗin, sai layin `uid` mai sunanka da imel, sai layin `ssb` mai alamar `[E]` a ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi ne ƙaramin mabuɗin da ke kullewa da buɗewa, idan kuma babu shi to an zaɓi nau'in da bai dace ba, sai a sake. Yanzu a shaida wa pass mabuɗin da za ta yi aiki da shi:

`pass init suna@example.com`

A wurin `suna@example.com` ka sa imel ɗin da ka ba mabuɗinka. Ana iya sa zanen yatsan a madadin imel, kuma ya fi tabbas idan akwai mabuɗi fiye da ɗaya mai imel iri ɗaya. Abin da umarnin ya yi kawai shi ne buɗe folda da rubuta sunan mabuɗin a wani ɗan fayil mai suna `.gpg-id`.

Ajiyar mabuɗi tun kafin a zuba komai

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki da niyyar komowa, sai faifan kwamfuta ya mutu ko mai gyara ya goge ta ya sake zuba mata manhaja, a wayi gari ga fayilolin ma'adana lafiya lau a wani wuri amma babu abin buɗe su. Babu wata dabara da ke dawo da mabuɗin da ya ɓata. Saboda haka kafin ka saka kalmar sirri ta gaske ko ɗaya, ka jona filasha ka fitar da kwafi kai tsaye zuwa cikinta, kana sa adireshin taka filashar a wurin `/media/suna/FILASHA`:

`gpg --export-secret-keys --armor suna@example.com > /media/suna/FILASHA/mabudi.asc`

Za a tambaye ka jimlar sirri, kuma fayil ɗin da zai fita yana nan a kulle da ita, don haka wanda ya tsinci filashar bai samu komai ba tukuna. Ka yi kwafi biyu a filasha biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wani wuri dabam da gobara ko ɓarawo ɗaya ba zai haɗa su ba. Filasha kan lalace tana ajiye ba tare da an taɓa ta ba, shi ya sa wasu ke buga fayil ɗin a takarda, musamman mabuɗin Curve 25519 wanda gajere ne har ya shiga shafi ɗaya. Idan za a buga, a buga a firintar gida, ba a shagon buga takardu ba inda fayiloli ke kwana a kwamfutar kowa da kowa. Kada kuma takardar jimlar sirri ta zauna a ambulan ɗaya da kwafin mabuɗi.

Ajiyar da ba a gwada ba zato ce kawai. Ka saka wata kalma ta gwaji da `pass insert gwaji`, sannan ka buɗe sabuwar tagar umarni ka rubuta waɗannan a jere:

`export GNUPGHOME=$(mktemp -d)`
`gpg --import /media/suna/FILASHA/mabudi.asc`
`pass show gwaji`

Layin farko ya sa GnuPG ta ɗauki wata folda ta wucin gadi wadda babu komai a cikinta a matsayin gidanta, tamkar sabuwar kwamfuta ce. Idan kalmar gwajin ta fito a allo, kwafin filashar da jimlar da ke kanka sun isa su dawo da komai. Sai ka rubuta `gpgconf --kill gpg-agent`, ka goge foldar da `rm -r $GNUPGHOME`, ka rufe wannan tagar domin kada saitin ya bi ka. Ya kamata a maimaita gwajin nan duk shekara.

Aikin yau da kullum

Domin saka kalmar da kake da ita tun da:

`pass insert imel/gmail`

Za ta nemi kalmar sau biyu ba tare da nuna ta a allo ba. Alamar `/` tana buɗe folda, don haka tsarin ma'adanar yana hannunka: `imel/`, `kudi/`, `aiki/`, `zumunta/`. A nan ma ya fi kyau a guji haruffa masu lanƙwasa da tazara a sunaye, domin su yi sauƙin bugawa a kowace na'ura. Kada a taɓa rubuta kalmar sirri a layin umarnin kansa, misali ta hanyar `echo`, saboda bash yana ajiye duk abin da aka rubuta a fayil ɗin `.bash_history` a fili.

Ga sabon asusu kuwa, bari pass ta ƙirƙiro da kanta:

`pass generate -c zumunta/facebook 25`

Tana ɗebo haruffa da lambobi da alamomi daga `/dev/urandom`, inda kwamfuta ke samar da lambobin sa'a, tsawon 25 ne kuma take bayarwa ko ba a faɗa ba. Wasu shafuka, har da na wasu bankuna, ba sa karɓar alamomi ko kuma suna iyakance tsawo, a irin wannan hali sai a ƙara `-n` domin a samu haruffa da lambobi zalla, a kuma rage adadin zuwa iyakar da shafin ya yarda. Alamar `-c` tana sa kalmar a ma'ajiyar kwafi maimakon ta bayyana a allo, sai ka je shafin ka liƙa. Haka ake yi wajen ɗaukowa:

`pass -c zumunta/facebook`

Bayan daƙiƙa 45 pass tana share kalmar daga ma'ajiyar kwafi, kuma ana iya sauya adadin ta hanyar `PASSWORD_STORE_CLIP_TIME`. Idan `-c` ya ƙi aiki, galibi `xclip` ce babu a kwamfutar da tsarin allonta X11 ne, ko `wl-clipboard` a mai tsarin Wayland. Rubuta `pass` kaɗai yana nuna dukan ma'adanar a siffar bishiya, maɓallin Tab kuma yana cika sunaye, ta yadda `pass -c zu` da Tab sau biyu sun kai ka inda kake so.

Fayil ɗin ba kalma ɗaya kawai yake ɗauka ba. Al'adar masu amfani da pass ita ce layin farko kalmar sirri, sauran layukan kuma duk abin da ya shafi asusun. Da `pass edit kudi/banki` fayil zai buɗe a editan da aka saita a `EDITOR`, ko a vi idan ba a saita ba, sai ka mai da shi kamar haka:

`x7Rq2mVt9LbZ`
`login: suna`
`url: adireshin shafin`
`tambayar tsaro: garin haihuwa = tukunya shudi tara`

Dubi layin ƙarshe. Garin haihuwarka da sunan mahaifiyarka da makarantar firamaren da ka yi abubuwa ne da rabin unguwa suka sani, wasu ma suna shafinka na Facebook, don haka amsar ƙarya wadda aka adana ta fi ta gaskiya tsaro. `pass -c` layin farko kaɗai take kwafa, `pass -c2` kuma na biyu. Yayin gyara, pass tana ajiye buɗaɗɗen kwafin a `/dev/shm`, wato a ƙwaƙwalwar wucin gadi, domin kada ya taɓa faifai.

Sauya kalmar tsohon asusu yana da ɗan tarko. Umarnin `pass generate -i kudi/banki` yana maye gurbin layin farko ya bar sauran, amma shafin zai nemi tsohuwar kalmar kafin ya karɓi sabuwa, ita kuwa ta riga ta tafi. Sai a fara da `pass cp kudi/banki kudi/banki-tsohuwa`, a yi sauyin, a fita daga asusun a sake shiga da sabuwar domin tabbatarwa, sannan a goge tsohuwar da `pass rm`. Sauran umarnonin ba sa bukatar dogon bayani: `pass mv` na sauya suna, `pass find` na nema a sunaye, `pass grep` kuma na nema a cikin fayiloli, wanda ke ɗaukar lokaci saboda sai ya buɗe kowanne.

Wajen ƙaura daga tsohon hali, a fara da imel, domin ta nan ake sake saita kalmar kusan kowane asusu, sai banki, sai sauran a hankali duk lokacin da aka shiga ɗaya. Wanda kalmominsa ke cikin burauza yana iya fitar da su a fayil ɗin CSV ya shigar da ƙarin manhajar pass-import, amma fayil ɗin nan a buɗe yake ɗauke da komai, don haka a goge shi nan take, a kuma duba kwandon shara.

Za ka lura cewa ba kowane lokaci ake tambayarka jimlar sirri ba. Wani ɗan shiri mai suna gpg-agent ne ke riƙe ta na daƙiƙa 600 daga amfani na ƙarshe, iyakarsa kuma awa biyu. A cikin wannan lokaci duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya karanta komai. Mai aiki a ofis ko ɗakin karatu na jama'a ya rage adadin ta hanyar rubuta `default-cache-ttl 60` a fayil ɗin `~/.gnupg/gpg-agent.conf`, ya kuma saba da kulle allo duk lokacin da zai tashi, ko da alwala zai je.

Tarihi da kwamfuta ta biyu

`pass git init`

Daga wannan umarni, duk sakawa da gyara da gogewa suna shiga tarihin git da kansu, kuma `pass git log -p kudi/banki.gpg` zai nuna tsofaffin kalmomin asusun idan an bukace su. Domin samun kwafi a waje ba sai an je intanet ba, filasha ma ta isa:

`git init --bare /media/suna/FILASHA/pass.git`
`pass git remote add filasha /media/suna/FILASHA/pass.git`
`pass git push -u --all filasha`

A sabuwar kwamfuta sai a girka pass, a shigo da mabuɗi da `gpg --import`, a jawo ma'adanar da `git clone` zuwa `~/.password-store`. Nan ne kusan kowa ke cin karo da matsala ɗaya: karantawa tana aiki, amma sakawa tana ƙi, GnuPG tana cewa ba ta da tabbacin mabuɗin na mai sunan ne. Dalili shi ne matsayin amincewa ba ya tafiya tare da fayil ɗin mabuɗi. Gyaran shi ne `gpg --edit-key suna@example.com`, sai a rubuta `trust`, a zaɓi 5, a tabbatar, a fita da `quit`. Mai kwamfuta biyu ya riƙa yin `pass git pull` kafin gyara da `pass git push` bayansa, domin git ba ya iya haɗa sauyi biyu da aka yi wa kullallen fayil guda, sai dai a zaɓi ɗaya a bar ɗaya.

Akwai wasu matsaloli biyu da ke da saurin magani. Idan an shiga kwamfutar daga nesa ta SSH aka ga saƙon da ke ambaton `ioctl`, GnuPG ce ta rasa tagar da za ta nemi jimlar sirri a ciki, sai a ƙara `export GPG_TTY=$(tty)` a `.bashrc`. Idan kuma wata rana sakawa ta tsaya haka kawai alhali karantawa na aiki, a duba wa'adin mabuɗi. Ana tsawaita shi da `gpg --quick-set-expire` tare da zanen yatsa da `2y`, sannan a maimaita da `'*'` a ƙarshe domin ƙaramin mabuɗin ma ya samu, a kuma sabunta kwafin filasha.

Abin da pass ba ta ɓoyewa

Abin da ke cikin fayiloli a kulle yake, amma sunayensu a fili suke, haka ma saƙonnin tarihin git da ke faɗin wane asusu aka taɓa da kuma yaushe. Wanda ya ga foldar zai san bankin da kake hulɗa da shi da shafukan da kake shiga, kuma wannan ya ishi mai damfara ya tsara saƙon yaudara da zai yi kama da gaskiya. Ba ƙaramin abu ba ne: a kutsen da aka yi wa LastPass, kamfanin adana kalmomin sirri, a 2022, an kwashe kwafin ma'adanan abokan hulɗa, kalmomin suna kulle amma adireshin shafukan a buɗe. Saboda haka ma'adanar pass ba ta da wurin zama a rumbun fili na GitHub, shafin da ake ajiye rumbunan git a intanet, ko a rumbu mai zaman kansa ma ya kamata a san cewa mai sabar yana ganin sunayen. Ana rage matsalar da sunaye marasa bayani, kamar `kudi/a1`, a sa ainihin sunan a cikin fayil, ko a yi amfani da pass-tomb wadda ke kulle foldar baki ɗaya. Kulle dukan faifan kwamfutar da LUKS, tsarin kulle faifai, lokacin girka Linux yana rufe wannan ƙofa ga ɓarawon da ya ɗauke na'urar. Haka kuma pass ba ta kare kwamfutar da mugun shiri ya riga ya shiga, domin shirin da ke gudana da sunanka yana iya karanta ma'ajiyar kwafi ko ya jira gpg-agent ta buɗe, wasu manhajojin tarihin kwafi ma suna ajiye kalmar bayan daƙiƙa 45 ɗin sun wuce, don haka a duba saitinsu.

Akwai ƙarin manhaja mai suna pass-otp da ke fitar da lambobin nan shida na tabbaci na biyu. Tana aiki da kyau, amma a ganina lambobin imel da na banki su zauna a waya, domin idan kalma da lamba suna ma'adana ɗaya, wanda ya buɗe ta ya samu duka biyun.

Ana iya raba wani sashe da abokin aiki ba tare da ba shi sauran ba. Bayan an shigo da mabuɗinsa na fili an kuma amince da shi, `pass init -p ofis` tare da mabuɗan biyu zai sake kulle foldar `ofis` kaɗai ta yadda kowannenku zai iya buɗewa da nasa. Ranar da ya bar aiki, a maimaita umarnin ba tare da mabuɗinsa ba, amma a sani cewa wannan sababbin fayiloli kawai ya kare. Tsofaffin suna nan a tarihin git a kulle da mabuɗinsa, kuma idonsa ya riga ya ga kalmomin, saboda haka sai an bi asusun ɗaya bayan ɗaya an sauya su. Haka abin yake idan naka mabuɗin ne kake zargin ya fita tare da jimlarsa: ka ƙera sabo, ka yi masa ajiya ka gwada ta, ka rubuta `pass init` da sabon zanen yatsa domin a sake kulle komai, sannan ka sauya kalmomin kansu a shafukansu, ka fara da imel da banki.